Tsohon Jak ɗin Baba

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Baba ya riga mu komawa wata Talata da hantsi, yana zaune a kujerarsa ta bakin gareji, shayinsa ko rabi bai sha ba. Masu koyon aiki sun ɗauka gyangyaɗi yake yi, har suka ajiye guduma don kada su tashe shi.

Kafin azahar an kafa tantin makoki ya tare layinmu na unguwar Gurda daga bango zuwa bango, kamar yadda ake yi a nan Sabha, kudancin Libiya. Maza suna tanti, mu mata muna cikin gida, amma bangonmu ba ya riƙe magana. Ina jin direbobin hanyar Agadas suna rige-rigen ba da labari, kowa da ranar da motarsa ta mutu a rairayi Usta ya je ya tashe ta. Usta suke ce masa, Larabawa da namu duka, wato babban makanike. Wani tsohon direba ya ce da murya mai rawa bai taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Aka ɗan yi dariya. Maƙwabciyarmu Balarabiya, wadda ta yi shekara da shekaru tana yi mana masifa a kan baƙin man da ke gangarawa ƙofarta, ita ta fi kowa kuka. Inna kuwa ko ɗigon hawaye. Duk wadda ta ce mata sannu da haƙuri sai ta amsa, sannan ta juyo ta tambaye ni ko an shigo da kofin shayin nan, kada a taka shi.

Ni da baki kawai nake amsa gaisuwa. Hankalina yana kan fuskar mijina, baban yarana, domin a garin nan akwai gidan da ke neman fuskar nan, kuma mutumin da ya tsaya tsakaninsu da ita shi ne ake yi wa wanka a ɗakin baya.

Kamfanin da ke ɗaukar nauyin garejin sun riga sun baza hoton Baba a waya, yana murmushi cikin hularsu, hular da bai taɓa yarda ya sa ba sai ranar hoton. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. Ina so jikokinsa su san shi yadda yake, da alherinsa da kuma abin da har yanzu nake jin haushinsa a kai.

Mutumin ƙasar Tawa ne, can Nijar. Ya shigo Libiya yana karen mota, da niyyar ya yi 'yan watanni ya koma, furfura ta same shi a nan. Hausarsa ta ƙauyensu ba ta gusa ba ko kaɗan, Larabcinsa kuwa na gareji ne, rabi faɗa rabi sunan ƙarfe. Ba ya kwance inji sai ya saurare shi tukuna. Zai ɗora bakin sukundireba a jikin ƙarfen, ya kara kunne a ƙotarta, ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi, kuma duk wanda ya yi magana a lokacin ya shiga uku. Zai ba ka abincinsa, zai tuɓe rigarsa ya ba ka, amma ka ce ya ara maka sifana nan take zai kurmance. Ni kaɗai ya haifa da ta rayu, kuma yakan ce da namiji ce ni da ya huta, don bakina kaɗai ya isa ya kwance ƙusar da ta yi tsatsa.

Lokacin da faɗa ya ɓarke a garin nan, unguwa da unguwa, baban yara ɗan ci-rani ne daga Damagaram, yana leburancin gini. Gini ya tsaya, yunwa ba ta tsaya ba. Wata safiya wasu mutane suka zo shataletalen da leburori ke jiran aiki suka ce suna neman masu gadi. Ashe gadin bindiga ce da shingen hanya. Ran nan wata mota ta ƙi tsayawa, aka buɗe mata wuta, wani saurayi ɗan babban gida ya mutu a ciki. Harsashin wa ya same shi, Allah kaɗai ya sani. Amma sauran masu tsaron shingen 'yan gari ne, sun naɗe fuskokinsu, kuma kowa da dangi a bayansa. Shi baƙo ne, fuska a buɗe, ga tsagen gado a kumatu wanda ko daga nesa ba ya ɓuya. Wanda ya tsira daga motar kamanninsa kaɗai ya iya faɗa.

Ya yar da bindigar ya gudu, ƙafa ta kawo shi ƙofar garejin yana roƙon ruwa. Baba ya ba shi, ya dubi yadda kwanon ke karkarwa a hannunsa, bai tambaye shi komai ba. Ya tura masa wani kwanon da fetur a ciki ya ce ya wanke ƙusoshi, wai hannun da ke rawa aiki yake nema. Daga ranar a garejin yake kwana, in zai fita ya naɗa rawani ya ja amawali har ƙarƙashin ido, abin da ba wanda zai tambaye ka dalilinsa a Sabha. Ni ce mai kai abinci gareji, sauran labarin ba sai na faɗa ba. Kafin a ɗaura aure Baba ya zaunar da ni ya gaya mini komai, ya ce in je in yi tunani. Na ce na yi. Ya ce ƙarya nake, amma ya ɗaura.

Da faɗa ya lafa sai irinsu suka yi ta zuwa, samarin da ba su iya komai ba sai harbi, wasu daga wannan ɓangare wasu daga wancan. Dokar Baba guda ce, a bar bindiga da labarinta a waje. Ana cikin haka wani kamfani mai sayar da baƙin mai da tayoyi ya aiko wakilinsa daga Tarabulus babban birni, matashi mai ladabi, wanda ke cire takalmi ko a gareji. Ya ce suna so su sa mota a tseren rairayi da ake yi bayan gari lokacin sanyi, da sunansu a jikinta, kuma waɗanda suka ajiye bindiga su ne za su haɗa ta su tuƙa ta. Su kuma za su kawo kayan aiki, su ba masu koyo ɗan abin sabulu duk wata, wanda ya ƙware a ba shi takardar shaida. Gaskiya ɗaya ce, abin ya yi amfani. Na san waɗanda yau suke da garejin kansu a unguwar Sukra, da ba don haka ba da Allah kaɗai ya san inda suke. Abin da kamfanin ke so a madadi hoto ne kawai, shi ne kuma abin da Baba ba zai iya bayarwa duka ba.

Cikin kayan da suka kawo har da sababbin jak masu sheƙi, da ƙafafun ƙarfe na tokare mota. Baba ya karɓa ya yi godiya, yana aiki da su, amma ya ƙi yar da tsohon jak ɗinsa, wanda shi yake kira kirik. Jak ɗin nan yoyon mai yake yi. In ka ɗaga mota da shi ka saki, sai ya riƙa sauka a hankali, don haka dole mutum ya zauna yana danna hannunsa muddin wani yana kwance a ƙarƙashi. Duk sabon ɗan koyo sai ya bi ta kansa kafin ya taɓa sifana: ya kwanta wani yana riƙe masa, sannan ya riƙe wani yana kwance. Baba ne ke zaɓar wa da wa. Karatun farko ke nan a garejinmu, kuma jimla ɗaya ce, ba a sakin kirik da mutum ƙasa.

Cikin waɗanda kamfanin ya turo akwai wani Balarabe da faɗa ya cinye wa ƙafar hagu. Mai Sanda muke ce masa a gida. Ba ya magana, ba ya dariya, Hausarsa ta kasuwa ce. Ɗan baffan saurayin nan ne da ya mutu a shinge, kuma Baba ya sani sarai, don ya daɗe yana gyara wa gidansu mota. A cikin gareji ba a aiki da amawali. Tun ranar farko Mai Sanda ya ga tsagen, Baba kuma ya ga ya gani.

Washegari Baba ya sa aka ɗaga wata babbar mota da tsohon jak, ya ce baban yara ya shiga ƙarƙashi, ya ce Mai Sanda ya riƙe. Sannan ya juya musu baya yana hura gawayin shayi. Baban yara ya gaya mini daga baya cewa daga inda yake kwance ba ya ganin komai sai ƙafa ɗaya da ƙarshen sanda, sai hannu yana hawa yana sauka. Can sai hannun ya tsaya. Cikin motar ya yi ta matsowa har ya taɓa masa riga a ƙirji, shi kuma ya kama kalmar shahada. Sai ya ji jak ɗin ya sake yin ƙara, motar ta koma sama.

Da na ji labarin na fita ko mayafin kirki ban ɗauka ba. A gaban 'yan koyo na gaya wa Baba abin da 'ya ba ta gaya wa uba, na ce ya yi caca da uban 'ya'yana. Ya bar ni na gama tas. Da kowa ya fita salla sai ya ja ni bayan motar, ya nuna mini wani kututturen dabino da ya tura can bayan taya, inda na kwance ba ya gani, na riƙe ma ba ya gani.

"Ɗiyata, na yarda da Allah, ina koyon yarda da mutum," in ji shi. "Amma kututture shina nan kullum. Kak ki gaya musu."

Ban gaya musu ba, amma ban huce ba. Na ce kututture zai tare mota, ba zai tare baki ba, me zai hana Mai Sanda ya je gida yau ya faɗa wa danginsa?

"Wanda ya riƙe mutum da hannunai, da wuya ya sake shi da bakinai."

A wannan karon maganarsa ta fito daidai, Mai Sanda bai faɗa wa kowa ba. Sai dai abin ya ƙara wa Baba taurin kai, don tun daga nan ba wanda ya isa ya ce masa ga hanya.

Da aka fara gwada motar tsere sai ga shi duk garejin ba wanda ya kai baban yara iya tuƙi a rairayi. Mutumin da ba ya iya haɗa ido da baƙo, in ya kama sitiyari sai ka ce a kan tudun yashi aka yanke masa cibiya. Baba ya sa Mai Sanda a gefensa yana duba masa hanya. Ya kuma gindaya wa kamfanin sharaɗi: direba zai sa hular kwano mai baƙin gilashi, ba zai cire ba sai mota ta shiga gareji an rufe ƙofa. In sun ci, Mai Sanda ne zai hau ya karɓi kofi, shi zai tsaya a gaban masu hoto. Duk shekara wakilin sai ya roƙa, ya ce manyansa sun matsa masa, mutane suna so su ga fuskar wanda ya bar bindiga ya kama sitiyari, ai don haka aka yi abin. Baba ya ce yaron kunya gare shi. Wata shekara suka ce in haka ne za su mayar da tallafin wani gareji. Baba ya tashi ya fara loda musu sababbin jak ɗinsu a mota da hannunsa, har sai da wakilin ya riƙe masa hannu yana ba shi haƙuri. Daga baya ma ɓoyon ya yi wa kamfanin rana, don yaran Gurda har kifa kwanon abinci suke yi a ka suna gudu a layi, wai su ne direban.

Ga inda haushina yake. Baban yara ya daɗe da karɓar takardar shaidarsa. Da ita zai iya buɗe gareji a Damagaram, inda tsagen fuskarsa bai dami kowa ba, inda zai kai 'ya'yansa kasuwa fuska a buɗe. Duk shekara sai na ce Baba, ka sallame mu. Duk shekara sai ya ce bayan tseren bana. Son motar nan yake yi, so na gaske. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin motocin mutane, sai da ya tsufa ya samu guda da ake cewa ta Usta, har da gefen rawaninsa yake goge mata ƙura. Ya san in direbansa ya tafi ta gama ci. Shi kuma baban yara ko wuta Baba ya ce ya shiga ba zai ce a'a ba. Zuwana na ƙarshe da maganar na ce masa, Baba, kai fa ba kututture ba ne, mutum ne, wata rana ba ka nan. Ya yi dariya har yana tari, ya ce bayan tseren bana in Allah ya so. Bai kai tseren ba.

Mata ba sa zuwa maƙabarta, amma na ga abin da ya faru da idona, kamar yadda duk garin ya gani. Baban yara ya bi gawa da amawalinsa kamar kullum. Da aka zo sa Baba a kabari aka ce surukinsa ya shiga ya karɓe shi, sai ya warware rawanin ya miƙa wa Mai Sanda. Da na tambaye shi dalili daga baya, ya ce mutumin da ya ba shi ruwa bai tambaye shi ko shi wane ne ba, ba zai karɓe shi da rufaffiyar fuska kamar ɓarawo ba. Na rasa ko in zage shi ko in rungume shi.

Wakilin kamfani yana wurin, ya baro aikinsa ya zo, kuma kukan gaske yake yi. Ya ɗaga waya ya ɗauki hoton abin, ya sa a shafinsu, ya rubuta cewa ga direbanmu yana kwantar da malaminsa. Ba da mugun nufi ya yi ba. Baba bai taɓa gaya masa dalilin hular kwanon ba, wannan ma yana cikin taurin kansa. Kafin magariba abin ya iso wayoyin matan da ke zaune tare da ni. Wata ta miƙo mini tata tana share hawaye, ta ce in dubi irin son da yake yi wa tsohon. Na duba, ga tsagen nan raɗau, rana ta haske shi.

Washegari da hantsi na ji ta bango an yi baƙi a tanti. Mahaifin saurayin da ya mutu ne ya zo, dattijo, da 'ya'yansa a bayansa. Ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, ya zauna, ya sha shayi, ya ce Usta bai taɓa cutarsa ba ko da ƙusa ɗaya. Da ya tashi tafiya sai ya ce, da Larabci, yadda kowa zai ji, sun ga abin da kowa ya gani. Ya ce don girman mamacin, babu ɗan gidansa da zai ɗaga hannu a kan kowa, a gari ko a hanya, muddin tantin nan yana tsaye. Bai kalli kowa ba ya fita.

Tsohon direban nan da ya ce Baba mai taurin kai ne, shi ya ɗauki baban yara a babbar motarsa washegari bayan sallar asuba, suka yi kudu. Hanyar ba ta kwana ɗaya ba ce. Ana jiran ayari, ana tsayawa a shingaye, mota tana lalacewa, kuma gidan dattijon suna da mutane a kanta. Waya ba ta shiga sai an tsallaka iyaka. Mun yi da shi yana tsallakawa zai kira.

Kwana ukun zaman makoki sun wuce. Masu ba da hayar tanti sun zo kwancewa, suka tarar da Mai Sanda zaune a gindin sandar tsakiya, ya miƙe ƙafarsa ɗaya, yana dafa shayi. Ya ce musu ba a gama karɓar gaisuwa ba. Tun ranar bai koma gidansu ba. 'Yan koyo suna zuwa bi da bi su zauna don kada tantin ya zama fanko, direbobin da suka riga suka yi gaisuwa suna dawowa su sake yi. Mutanen layi sun fara ƙorafin an tare musu hanya, amma maƙwabciyarmu mai masifa ta fito ta fi su murya, ta ce duk mai sauri ya zagaya. Inna har yanzu ba ta yi kuka ba, ta wanke kofin Baba tana aika wa Mai Sanda shayi a ciki. Jiya 'yan'uwansa suka zo suka tsaya a bakin layi suka aika a kira shi, bai je ba. Na ji sunan da suka kira shi da shi kafin su tafi, ba zan rubuta shi ba.

Yau da safe na tsaya a bayan ƙofa na yi masa magana. Na ce ya yi abin da ɗan'uwa na jini ma ba lalle ya yi ba, kada ya rasa danginsa saboda mu, in ya gaji ya tashi ba wanda zai ga laifinsa. Ban san me ya sa na faɗi haka ba alhali ina tsoron ya tashin. Ina jin yana juya cokali a kofi.

"'Yar Usta," ya ce, "mutum yana ƙasa. Hannu ba ya tashi."

Na koma ciki. Har yau bai san da kututturen ba, ya ɗauka a wancan karon hannunsa kaɗai ne ya riƙe motar. A wannan karon kuwa hakan ne.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da kowane hannu da ya raba da bindiga. Allah ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba. Ni ma ina so in yafe masa, kuma zan yafe. Wayar tana nan kan cinyata, ina jira ta yi ƙara tukuna.